WAI DOKIN DA NA ƊAUKA, WACE JAM'IYYA YAKE YI?

Yau rubutun da ɗan tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi sai ya samu sarari.

Kwana huɗu ke nan ina juya maganar nan a raina, in rubuta in goge. Jiya da daddare na kira Baba, shugaban ƙungiyarmu, na ce, "Baba, ina neman izini, zan yi rubutu a kan abin da ya faru ranar Asabar." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Yi abinka ɗana, amma ban da kama suna." To ba zan kama sunan kowa ba. Waɗanda suke wurin sun san zancen, waɗanda ba sa nan ga yadda aka yi.

Muna da 'yar ƙungiya ta masu sha'awar ɗaukar hoto a nan Kano. Akwai malamin makaranta a cikinmu, akwai ma'aikaciyar jinya, akwai ɗan kasuwar Kwari, akwai ɗalibai, akwai masu situdiyo biyu ko uku. Wasu da Canon, wasu da Nikon, wasu wayar hannunsu ce kawai. Duk wata mukan fita sau ɗaya, mu zaga Kurmi, ko mu hau Dala, ko mu je karofin Ƙofar Mata. Bayan mako guda mu zauna a haska hotunan a majigi, kowa ya faɗi abin da ya gani. Ƙarshen shekara kuma mu yi ɗan baje koli, kowa ya wanko hoto uku ya kawo, kwamiti ya tace.

Ni ma na kai nawa uku. Biyu suka wuce, aka riƙe na ukun.

Ga hoton. Ranar Litinin ce, 31 ga Maris 2025, washegarin Ƙaramar Sallah, da la'asar. Duk Bakano ya san a irin wannan lokacin gari ba ya shiguwa, don ranar Hawan Daushe ce. Amma 'yan sanda sun hana hawa. Zaman gida ya ishe ni, na rataya kyamara na shiga cikin gari ba tare da na san abin da zan ɗauka ba. A wani lungu na tarar da wani dattijo a ƙofar barga yana ninke jalala yana mayarwa cikin adaka. A bayansa ga doki a turke, an wanke shi tas, an taje masa geza, ba sirdi ba linzami. A gefe ga jikansa, yaron da bai wuce shekara bakwai ba, an naɗa masa ɗan rawani, ya hau kan sirdin da aka ajiye a ƙasa, ƙafafunsa a cikin likkafa. Na yi sallama, na gaishe shi, na ce, "Baba, ko zan iya ɗaukar ku hoto?" Ya ce, "Ɗauki mana yaro, ai yau ba mu da aikin yi."

Na ɗauka. A ƙasan hoton na rubuta: "Hawan Daushe, 2025." Iyakar abin da na rubuta ke nan.

Ranar Asabar ɗaya daga cikin 'yan kwamiti ya ce min, "Malam, hoton nan ba shi da makusa. Taken ne matsala. Duk wanda ya karanta ya san inda ka dosa."

Na ce, "Ina na dosa?"

Ya ce, "Kai ma ka sani."

Na ce, "Wallahi dokin nan dai bai gaya min jam'iyyar da yake yi ba."

Aka yi dariya, amma hukunci bai sauya ba. Ko dai in mayar da taken "Doki da mai shi", ko a cire hoton, saboda dokar ƙungiya ta ce ba a siyasa a nan. Baba ya dube ni ya ce, "Ɗana, zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki." Na sunkuyar da kai. Mutumin nan tun ana wankin fim a ɗaki mai duhu yake harkar hoto, shi ya koya min cewa hasken hantsi daban, na la'asar daban. Ba zan mayar masa da magana a gaban mutane ba. Shi ya sa na nemi izini na zo nan in faɗi tawa.

Mu fara da hoton kansa. Babu fosta a ciki. Babu jar hula, babu tsintsiya, babu lema. Babu fuskar Sarki Sanusi, babu ta Sarki Aminu, babu gwamna, babu ɗan sanda ko ɗaya. Ban ce wane ne halastaccen sarki ba, wannan magana tana gaban alƙalai kuma ni ba alƙali ba ne. Abin da hoton ya ce shi ne: a ranar da ya kamata dokin nan ya kasance a Ƙofar Kudu, yana turke. Shin ƙarya ne? Akwai wanda zai ɗaga hannu ya ce an yi Hawan Daushe a ranar? To in faɗin abin da ya faru a gaban idon kowa ya zama siyasa, sai mu ajiye kyamarorin mu koma zanen furanni.

Kuma ku lura da abin da aka nema in yi. Ba a ce hoton ya yi duhu ba, ba a ce ya karkace ba. An ce in cire masa rana da dalili. "Doki da mai shi" hoto ne da za a iya ɗauka a kowace rana a kowane gari, daga nan har Damagaram. Nan da shekara ashirin, idan yaron nan ya girma ya ga hotonsa a kan sirdi a ƙasa, me zai fahimta? Zai ɗauka wasa yake yi. Ba zai san cewa an naɗa masa rawani tun azahar, yana jiran hawan da ba a yi ba. Take shi ne ke riƙe wa hoto shaidarsa. Ka cire shi, ka bar kyakkyawan doki kawai.

Yanzu bari mu zo kan dokar. Ni tambayata ga 'yan kwamiti ita ce: tun yaushe hawan sallah ya fita daga siyasa, har sai da aka hana shi sannan ya shiga?

Shekara da shekaru muna ɗaukar hawa, shi ne ma abin alfaharinmu a baje koli. Mene ne jafi? Hakimi ya sako doki a guje da jama'arsa, ya ja linzami a gaban sarki, ya ɗaga hannu. Mubaya'a ce, kowa ya sani. Mene ne Hawan Nassarawa? Sarki ne yake fita ya je gidan gwamnati, tun zamanin Turawa ana zuwa wurin Razdan, yau ana zuwa wurin gwamna, a yi jawabi, a miƙa koken talakawa. Wanda ya ɗauki hoton wannan ya ɗauki hoton mulki tsagwaronsa. A 2019 aka raba masarautar Kano, aka fitar da Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye. 'Yan ƙungiyarmu suka bi hawan sababbin masarautu, suka kawo hotuna, muka yaba. Ranar 9 ga Maris 2020 aka sauke sarki aka naɗa wani. Da aka dawo hawa muka fita muka ɗauka, muka yaba. A watan Mayun 2024 majalisa ta soke dokar 2019, aka dawo da wanda aka sauke, wanda aka sauke yanzu kuma ya sauka a gidan Nassarawa. Daga nan aka hana hawan Babbar Sallar 2024. A watan Disambar shekarar hukumar UNESCO ta saka hawan Kano cikin jerin al'adun gado na bil'adama, muka yi ta taya juna murna. Ba a cika wata huɗu ba aka sake hana shi.

Duk wannan tafiyar, kowane hoton hawa da muka rataye yana nuna wani sarki a kan wani doki a ƙarƙashin wata gwamnati. Ba a taɓa cewa siyasa ce ba. Sai ranar da dokin ya tsaya a turke.

Ka ga inda dokar take da karkata ke nan. Hoton gadar Ƙofar Nassarawa da daddare, fitilun motoci sun ja zare, mun rataye shi. Hoton gadar Dangi daga sama, mun rataye shi. Kowace gada a garin nan akwai gwamnan da magoya bayansa ke tutiya da ita, har sojojin baka suna hawa rediyo a kanta. Amma mun kira waɗannan hotuna "ci gaban birni". To bari wani ya kawo hoton kwatar da ta toshe a bayan gadar, ko layin jarkoki a gaban tuƙa-tuƙa, ko ajin da yara ke zaune a ƙasa. Nan take za ka ji an ce, "A'a, a bar siyasa." Wato abin da ya yi wa mai mulki daɗi fasaha ne, abin da zai sosa masa rai siyasa ne. Irin wannan doka ba 'yar ba-ruwanmu ba ce. Kullum tana bayan wanda yake kan kujera, ko wane ne shi. Yau ta yi wa naka aiki, gobe ta yi wa na wancan.

Ga shataletalen gidan gwamnati da aka gina a 2017 na cikar Kano shekara 50, aka rushe shi a watan Yunin 2023. Kusan kowa a cikinmu yana da hotonsa, don a nan da yawa muka koyi ɗaukar hoton dare. Yau in mutum ya kawo tsohon hotonsa, me za a ce? Jiya ado ne, yau ya zama habaici? Hoton bai sauya ba, garin ne ya sauya.

Ga badala. Tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, shekara ɗari tara ke nan ko fiye. Mukan je mu nemi ɗan gefen da ya rage a tsaye, mu durƙusa, mu karkata kyamara yadda shagunan da aka gina a jikinta ba za su fito ba, mu jira rana ta yi ja, mu ɗauka. Sai mu rubuta "Tarihin Kano". Wanda bai san garin ba zai ɗauka ganuwar tana nan lafiya lau. Ni ma na yi, ba sau ɗaya ba. Wannan karkatar da kyamarar fa zaɓi ne. Mun zaɓi mu rufa wa waɗanda suka yanka ta suka rabar asiri, gwamnati bayan gwamnati, sannan mu ce ba ma siyasa.

Wanda ya fi damuna shi ne na almajirai. Ba a taɓa yin baje koli ba a rataye hoton almajiri ba. Baƙi da fari, robar bara a hannu, ido ya yi ƙwal, ƙafa duk faso. Sai a taru a gabansa ana cewa, "Kai, dubi haske! Dubi yadda ido ya fito!" Bari wani ya ce, "Jama'a, yaron nan ina iyayensa, ina hukuma, me ya sa yake titi ƙarfe goma na dare?" Sai a ce ya kawo siyasa. Haba jama'a. Mun yarda mu yi ado da yunwar yaro, ba mu yarda a tambayi dalilin yunwar ba? In haka ne gara a hana ɗaukar su gaba ɗaya, ya fi mutunci.

Matsalar ita ce kalmar siyasa kaya biyu take ɗauke da su, mu kuma mun haɗa su a buhu ɗaya. Akwai siyasar jam'iyya: fosta, kamfe, habaici, "namu ya fi naku", 'yan jagaliya. Akwai kuma yadda ake tafiyar da al'amuran gari: wa ya samu ruwa, wa ya samu fili, me ya sa asibiti ba magani, me ya sa doki yake turke ranar hawa. Ta farkon za ka iya tsayar da ita a bakin ƙofa kamar takalmi. Ta biyun ko ka kulle ƙofa tana ciki, don tana cikin jakar kyamararka. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 ta haura 1,500, mutum nawa ne a cikinmu suka iya sayen sabuwar kyamara? Mutum nawa suka sayar da tasu? Yaushe rabon da mu ɗauki mota mu je Tiga ko Falgore?

Wani zai ce, "Mu ba 'yan jarida ba ne, nishaɗi muke yi." Na ji. To amma hoto ba ya tambayar katin aikin wanda ya ɗauke shi. A 1897 wani mai hoto ɗan Bonny, Jonathan Adagogo Green, ya ɗauki Oba Ovonramwen na Benin a cikin jirgin ruwan Turawa, sojoji a tsaye a kansa, za a kai shi Kalaba bayan an ci garinsa. Mai sana'ar hoto ne kawai yana neman abincinsa. Yau duk mai son ya ga yadda sarki yake zama idan mulki ya kuɓuce masa, wannan hoton yake dubawa. Fati Abubakar ta Maiduguri aikin jinya ta karanta. Ta gaji da yadda duniya ba ta ganin komai a Borno sai bam da gawa, ta ɗauki kyamara ta shiga kasuwa da makaranta da gidan biki tana ɗaukar mutane suna rayuwarsu, ta kira aikin "Bits of Borno". Ba ta yi wa kowa kamfe ba, amma kowane hoto nata amsa ce ga wata magana. Da a ƙungiyarmu take, da wane za mu bari, wane za mu cire?

Kuma ba sai mun je nesa ba. Ranar 1 ga Nuwamban 2024 aka gurfanar da waɗanda aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, cikinsu har da ƙananan yara, da yawa 'yan Kano. Wata uku suna tsare. Lauyoyi sun yi magana, iyaye sun yi kuka, shiru. Ranar da aka ga hotunansu, ƙashin haƙarƙari a waje, wasu sun zube a ƙasan kotu, ƙasar nan ta ɗauka. Cikin kwana uku shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su. Gani ya kori ji. Wannan shi ne ƙarfin abin da muke rataye da shi a wuya, mu da muke cewa wasa muke yi.

To yanzu bari in juyo kan kaina, don laifi tudu ne.

Dokar nan ta "ba a siyasa", saboda ni aka yi ta. E, ni ɗin nan.

Waɗanda suke Kano sun tuna yadda gari ya kasance daga zaɓen gwamna na 18 ga Maris 2023, zuwa hukuncin kotun sauraron ƙararrakin zaɓe a watan Satumba, zuwa na Kotun Ƙoli a Janairun 2024. Wa da ƙani ba sa ga maciji, majalisu sun rabu. A zamanmu na bayan hukuncin Satumba, muna jiran a kawo wuta a kunna majigi, sai hira ta karkata. Wani abokina ya yi wata magana, na mayar masa, ya mayar min. Mutumin da muka sha hawa Dala tare da asuba muna jiran fitowar rana. Mutumin da ya ba ni aron kyamararsa wata biyu lokacin da tawa ta lalace, bai karɓi ko sisi ba. Na haɗa shi da iyayen gidansa na siyasa na yi musu kuɗin goro, na faɗi maganar da har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Ya zuge jakarsa ya fita. Shekara biyu ke nan bai sake zuwa ba. Mutum huɗu suka bi shi. A zama na gaba Baba ya kawo dokar, ni ne na fara ɗaga hannu.

Don haka ba na raina tsoron 'yan kwamiti. Na san abin da suke gudu, don ni na jawo shi. Na san akwai ma'aikatan gwamnati a cikinmu da ba sa so a ga sunansu kusa da abin da zai jawo musu takardar tuhuma. Na san akwai masu cin abinci da ɗaukar taron gwamnati da na fada, kuma mai iyali ba ya wasa da tukunyarsa. Na san wanda ya ba mu aron ɗakin baje koli zai iya cewa bana ba hali. Na san wasu suna zuwa ne don su huta da hayaniyar rediyo da ta majalisa, su yi awa biyu ba su ji sunan ɗan siyasa ba. Duk haƙƙinsu ne.

Amma ina roƙon waɗanda suke wurin ranar su tuna abu ɗaya. Lokacin da na yi wa abokina rashin mutunci, wane hoto ne a bango? Babu. Majigin a kashe yake, ba wuta. Ba hoto ne ya raba mu ba, bakina ne. Mun tashi yin magani, sai muka bar baki muka kama kyamara. Har yau ana habaici a zamanmu, a ƙasa-ƙasa, ana nuna wa juna fosta a waya ana ƙyaƙyatawa, ba wanda ya ce uffan. Dattijo da dokinsa ne suka karya doka.

Kuma abin haushin, waɗanda muke ɓatawa dominsu ba haka suke yi ba. Kwankwaso da Ganduje gwamna da mataimaki ne har sau biyu, daga 1999 zuwa 2003, da 2011 zuwa 2015, kafin su raba gari. Kwankwaso da Shekarau sun shekara da shekaru suna adawa, suka haɗu a jam'iyya ɗaya a 2022, ba a rufa wata huɗu ba suka sake rabuwa. Su in ta haɗa su su haɗu, in ta raba su su rabu, gobe a gan su a ɗaurin aure suna musabaha. Mu kuma a bar mu da gaba. Ni ga shi na yi asarar aboki a kan mutanen da ba su san da zamana a duniya ba.

Saboda haka ban ce a soke doka ba. 2027 tana ƙaratowa, in aka buɗe ƙofa gaba ɗaya ƙungiyar ba za ta kai labari ba. Gyara nake nema, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ga abin da zan gabatar ranar Asabar:

1. Hoton da kai ka ɗauka da hannunka, ka kawo shi, ko me yake nunawa, matuƙar bai keta mutuncin kowa ba kuma ka nemi izinin wanda ya kamata. Wanda aka turo maka, ka riƙe abinka.

2. Take ya faɗi mene ne, a ina, yaushe. Ban da yabo, ban da zagi, ban da habaici. In taken gaskiya ne, kwamiti ba shi da ikon sauya shi. In ƙarya ne ko tsokana, a cire.

3. Magana ta tashi daga hoto ta sauka a kan hoto. In hoton kwata ne a bango, a yi maganar haskensa, a yi maganar kwatar. Da an wuce zuwa hoto na gaba, maganar ta wuce.

4. Ba kamfe, ba fosta, ba "wa za ka zaɓa", ba kiran wani da sunan ɓatanci saboda ra'ayinsa. Wanda ya yi a dakatar da shi wata uku. In ni ne, a ninka min.

5. Mudu ɗaya za a auna wa kowa. In gada ta shiga, kwata ma ta shiga. In hawa ya shiga, rashin hawa ma ya shiga.

6. Kowane hoto alhakinsa yana wuyan mai shi. A rubuta haka a bakin ƙofa. Wanda yake jin tsoron aikinsa, a cire sunansa daga takardar baje kolin ba tare da an yi masa gori ba.

Ga 'yan kwamiti: ban riƙe ku a zuciya ba, aikin da aka ba ku kuka yi, da dokar da ni na jawo. Ba zan fita daga ƙungiya ba, ba kuma zan kafa wata ba, kar wani ya zo min da wannan zancen. In an ƙi shawarata ranar Asabar, zan janye hoton da hannuna, sauran biyun su tsaya, in zo in taya ku jera kujeru kamar kullum. Amma taken ba zan sauya ba. Na riga na wanke babba na sa a firem, zan kai wa dattijon nan, da rubutun a ƙasa yadda yake, ya ajiye wa jikansa.

Baba, ka yafe min in na zaƙe. Kai ka koya mana cewa kafin mutum ya danna ya duba kusurwa huɗu na hotonsa, ya san abin da ya shigar da abin da ya bari a waje. Karatunka nake biyawa.

Kai kuma abokina, na san kana ganin rubutuna ko da ba ka cewa komai. Abin da na gaya maka ranar nan ban kyauta ba, kuma a gaban mutane na faɗa, shi ya sa nake ba ka haƙuri a gaban mutane. Don Allah ka yafe min. Ra'ayinka yana nan, nawa yana nan, ba sai ɗayanmu ya sauya ba. Zama ƙarfe huɗu ne ranar Asabar, a inda ka sani. Murfin kyamararka da ka manta ranar yana cikin jakata har yanzu.

Allah Ya zaunar da Kano lafiya, Ya nuna mana ranar da yaron nan zai hau dokin kakansa ya yi jafi, mu kuma muna gefe muna ɗauka. Amin.